Ɗan fari a Mabera: yaron da ya ɗauka mahaifinsa ba ya son sa

Yaron yana da shekara 16, yana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar gwamnati ta jeka-ka-dawo a cikin garin Sakkwato, inda nake koyarwa kuma nake riƙe da aikin ba ɗalibai shawara. Na sakaya sunansa da na iyayensa, na kuma sauya wasu ƙananan bayanai, don kada wanda ya san gidan ya gane su. Malamin ajinsu ne ya turo mini shi a tsakiyar zangon karatu na biyu. Ƙorafinsa: makara kusan kullum, barci a aji, da makin lissafi da ya zube, ga yaron da bara yake cikin na gaba-gaba. Malamin ya ƙara da abin da kowa ke fara zargi a yanzu, wato ko ya fara shaye-shaye.

Da wannan zargin na fara, domin ba abin wasa ba ne a garin nan. Tun da gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018 ba a daina samun yaran da ke shan sa ba, ga tiramol, ga wiwi, ga sholisho. Na duba abin da malami zai iya dubawa: idanunsa, yadda magana ke fita daga bakinsa, ko yana yawan neman kuɗi, da su wa yake yawo. Na kuma tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa jin rayuwar ta ishe shi har ya yi tunanin cutar da kansa. Manya da yawa suna tsoron wannan tambaya, suna ganin za ta cusa wa yaro abin da ba ya zuciyarsa, alhali ba ta cusawa, sai dai ta ba wanda ke ɓoye damuwa damar faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta tunani, don haka a ajin da ya cika maƙil irin namu ba tambayar da za a tsallake ba ce. Ya ce a'a ga duka biyun, shaye-shayen da tunanin cutar da kai, kuma abin da na gani daga baya ya gaskata shi. Da amsar ta zo akasin haka, da ba ni kaɗai zan riƙe lamarin ba, da sai mun nemi likita a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ɗanfodiyo.

Abin da yaron ya faɗa

Bai buɗe baki a zaman farko ba. Sai daga baya, yana kallon ƙasa, ya ce: "Malam, Baba ba ya so na. Ni ban san mi na yi mashi ba. Tun da nike ban taɓa jin ya kira sunana ba."

Shi ne ɗan fari a gidan, ɗan uwargida, kuma sunan kakansa na wajen uba aka sa masa. Mahaifinsa ɗan kasuwar albasa ne, yana saye a ƙauyukan Wurno da Goronyo lokacin da aka kwashe ta daga fadama, ya adana, ya riƙa lodawa zuwa Legas da Anacha in ta yi kuɗi. Mata biyu, 'ya'ya tara. In zai aiki yaron sai ya ce wa wani ƙanensa, "Kira mini wancan." Ba ya cin abinci da shi, ba ya zama hira da shi. Amma in ya dawo da dare ƙananan 'ya'yan amarya har kan cinyarsa suke hawa, yana yi musu wasa, yana raba musu tsaraba. Yaron ya haɗa waɗannan ya yanke hukunci: ana fifita ɗakin amarya, shi da uwarsa an yar da su.

Sai abu biyu suka faru kusa da juna. Na farko, 'yan uwan mahaifin daga wani ƙauye na gabashin jiha suka gudo saboda hare-haren 'yan bindiga, aka sauke su a gidan. Shagon da ke bakin zaure, wanda aka ba yaron bayan ya balaga, aka zuba masa samari biyu a ciki ba tare da an ce masa uffan ba. Ya dawo daga makaranta ya tarar da kayansa a gefe guda. Na biyu, wani dare wajen ƙarfe ɗaya mahaifin ya same shi a ƙofar gida yana danna waya. Ya karɓe wayar, ya zane shi da wayar wuta a tsakar gida, a gaban ƙannensa da matar ubansa da baƙin. Washegari yaron ya sa ƙafa ya fita, ya koma kwana a shagon wani abokinsa, yana shigowa gida cin abinci in ya tabbatar mahaifin ya tafi kasuwa. A wannan hali aka turo mini shi.

Maganar barcin ita ce mafi sauƙin warwarewa, kuma ita ce aka fi yi masa mummunar fassara a kanta. Matashi mai shekarunsa yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma bayan balaga jikin yaro kan jinkirta jin barci da dare, ko da babu waya a hannunsa. A haɗa da zafin Sakkwato na Maris da Afrilu, inda ma'auni ke haura digiri 40, ɗaki ba ya shiguwa sai bayan tsakar dare, wuta kuma ba ta tsayawa. Yaron yana kwanciya wajen ƙarfe ɗaya, a tashe shi asuba, ya koma ya ɗan runtsa, ya makara. A gida sunansa malalaci, a makaranta ana zargin ƙwaya, alhali barci ne kawai ke binsa bashi.

Amma ba barcin ne ya kore shi daga gida ba, ba ma zafin dukan ba. Da na tambaye shi abin da ya fi yi masa ciwo, cewa ya yi ƙannensa sun ga yana kuka.

Wanda ya san labarin uban

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan shekara talatin ko arba'in da suka wuce ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, uba ba ya nuna shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ke ɗauke shi bayan yaye. In kuma sunan mahaifin mutum yaron ya ci, nauyin ya ninku. A Sakkwato, inda al'adar Fulani ta shiga jinin gidaje da yawa, abin ya fi ƙarfi. Bambancin shi ne, a da yaro ba ya buƙatar a yi masa bayani. Yana babban gida, yana ganin baffansa ma haka yake yi wa nasa ɗan farin, ga kakanni da ke jan sa a jiki suna cike masa gurbin. Wannan yaron ya tashi a gida mai ƙofa ɗaya a Mabera, kakarsa tana can cikin gari wajen Ƙofar Rini a gidan ƙaramin ɗanta. Abin da yake gani shi ne mahaifin abokinsa, ma'aikacin gwamnati, da ke kiran ɗansa da suna yana tambayar sa yadda jarrabawa ta kasance, da kuma iyayen da yake kallo a waya. An bar masa al'adar, an ɗauke mutanen da ke sa ta yi ma'ana. Ba laifinsa ba ne da ya karanta ta a matsayin ƙiyayya, kuma ina ganin yara irinsa suna da yawa a ajujuwanmu.

Na san in ni na ce masa "mahaifinka yana son ka," zai ce to, ya tashi, ba abin da zai canza. Ya sha jin wa'azin biyayya, ya haddace ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "tir". Bai musa ta ba, ita ce ma ke ƙara masa nauyi, yana ganin kansa mai saɓo saboda fushin da ya kasa cirewa. Don haka na ba shi aiki. Na ce ranar Juma'a bayan an sauko ya je gaida kakarsa, ya yi mata tambaya ɗaya: me Baba yake yi lokacin da yake da shekara 16? Na zaɓi kakar ne domin tsakanin kaka da jika babu wannan katangar, akwai wasa, kuma tsofaffi ba sa gajiya da irin wannan tambaya.

Ya dawo mini da labarin da bai taɓa ji ba. Ta ce masa, "Maigidan, zamna in gaya maka wane ne ubanka." Kakansa, mai sunan nasa, ya rasu mahaifinsa yana aji ɗaya na sakandare. Ya bar makarantar, ya shigo Sakkwato yana dakon buhunan albasa, yana kwana a rumfar ubangidansa. Da kuɗin dakon nan ya ciyar da ita da ƙannensa, da shi ya riƙe karatun ƙanensa har ya gama Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wanda shi ne baffan yaron da ke koyarwa yanzu. Ta ce daren da aka haifi yaron mahaifin bai shiga gidan ba, kunya ta hana shi, amma a bayan katanga ya kwana. Ta kuma gaya masa cewa duk zuwan da mahaifin yake yi gaishe ta, tambayar farko da yake yi wa baffan ita ce yadda karatun "wancan" yake tafiya, kuma takardun sakamakonsa tun na firamare suna cikin akwatinsa na kasuwa.

Yaron ya kasance yana ɗauka mahaifinsa bai damu da boko ba, tunda kullum maganarsa ita ce ya riƙa zuwa kasuwa bayan an tashi. Yanzu sai ya ga mutumin da aka fizge wa makaranta yana ƙarami, wanda ya san da cewa uba yana iya faɗuwa rana ɗaya ya bar ɗan fari da gida a ka. Ban gaya masa wannan fassarar ba. Shi ya faɗe ta, a hankali, kamar yana gwada ta a bakinsa. Wannan shi ne abin da shekarun nan ke bayarwa, wanda muke mantawa saboda mun shagala da rigimarsu: yaro ɗan shekara goma ba zai iya kallon ubansa a matsayin mutumin da ya taɓa zama yaro mai tsoro ba, amma ɗan shekara 16 yana iyawa, in an ba shi abin da zai kama.

Na yi hattara da abu ɗaya a nan. Fahimtar uba ba ta nufin a ce wa yaro duk abin da aka yi masa daidai ne. Na faɗa masa a fili cewa dukan da aka yi masa da wayar wuta kuskure ne, kuma jin ciwonsa ba rashin tarbiyya ba ne. In aka ce wa yaro ya fahimci iyayensa alhali ana nufin ya yi shiru, yana ganewa nan take, kuma ba zai sake kawo maka maganarsa ba.

A rumfar Alhaji

Ban aika wa mahaifin takardar kira ba. Dattijo irinsa in aka kira shi makaranta a kan ɗansa, da fushi yake zuwa, ya ga an tona masa asiri, yaron kuma shi zai biya a gida. Ta hannun baffan na bi, muka same shi a rumfarsa bayan La'asar. Na fara da abin da yake gaskiya: yaronsa yana da kai, ba ya shaye-shaye, kuma malamai suna son sa. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ashe shi ma abin da ke hana shi barci ke nan. Ɗan maƙwabcinsa, sa'an yaron, ya lalace da ƙwaya, kuma ta waya da zaman dare aka fara. Da ya ga nasa a waje ƙarfe ɗaya na dare, abin da ya gani ke nan.

Ya ce, "Malam, yaron ga ban rage shi da komi ba. Ci, sha, sutura, kuɗin makaranta. Mi ya nema ya rasa? Icce tun shina ɗanye aka tanƙwara shi."

Na ce, "Gaskiya ne, Alhaji, kuma ka tanƙwara, shi ya sa bai bi ta banza ba. Amma yanzu ya fara ƙwari. Ƙarfin da ya yi aiki yana ɗan shekara takwas, in aka sa masa yanzu karyewa zai yi."

Na bayyana masa, da kalmomi masu sauƙi, abin da likitoci suka sani: ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke gaban goshi, mai auna abin da zai biyo baya da danne fushi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali jiki da zuciya sun riga sun yi gaba. Shi ya sa za ka ga saurayi da gemu ya fara fitowa, murya ta buɗe, amma magana ɗaya a gaban mutane ta sa ya bar gida. A shekarun nan ba abin da yaro ke karewa kamar mutuncinsa a idon na ƙasa da shi. Baffan, wanda ya fi ni sanin inda zai taɓa yayansa, ya kawo ƙissar Annabi Ibrahim a Suratus Saffat, inda umarni ya zo daga Allah amma duk da haka ya kira ɗansa da tausasawa, ya gaya masa, ya ce ya duba abin da ya gani. Ya kuma tuna masa cewa garin da muke zaune a ciki, Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809 bai kai shekara talatin ba, domin Shehu ya ɗora masa amana tun yana matashi. Alhaji ya yi shiru ya daɗe.

A nan ne ya faɗi abin da ko matansa ba su sani ba. Albasar da ya adana bara, kaso mai yawa ta ruɓe. Tun bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin ɗauko kaya daga ƙauye da na komai ya hau, wasu abokan cinikinsa na Kudu kuma suna riƙe da kuɗinsa. Ga baki shida da suka ƙaru a gida. Bai gaya wa yaron dalilin shigar da baƙi shagonsa ba domin, a cewarsa, uba ba ya kai wa ɗansa kuka. Na ce masa ba kuka ba ne, sanarwa ce, kuma yaron da aka gaya wa "ga halin da ake ciki, ka taimake ni da ɗakinka" yana jin an mayar da shi babba, wanda kuma ya tarar da kayansa a gefe yana jin an mayar da shi ba kowa ba.

Ban nemi Alhaji ya fara kiran sunan ɗansa ko ya zauna hira da shi ba. Mutum mai shekara hamsin ba zai yar da abin da aka gina shi a kai ba saboda malamin makaranta ya zo rumfarsa, kuma in na nemi abin da ba zai iya ba, har wanda zai iya zan rasa. Abin da aka tsayar kaɗan ne. Yaron zai dawo gida, baffan zai rako shi ya ba da haƙuri kan fitar da ya yi. Za a mayar masa da waya, amma ƙarfe goma na dare zai miƙa wa Innarsa. In ya yi laifi, a zaure za a yi masa faɗa, shi kaɗai, ba duka. Ranar Asabar zai je rumfa ya riƙe littafin shige da fice, sauran ranaku kuma bayan makaranta a bar shi ya je koyon gyaran waya da ya daɗe yana so. Uwar, wadda duk tsawon rikicin take tsakiya tana ɓoye masa abinci tana kuma shan faɗan mijinta, ita ta fi kowa murna da a ce ba ita kaɗai ke ɗaukar saƙo tsakaninsu ba.

Yadda abin ya kasance

Littafin nan ya yi aikin da ban zata ba. Yaron ya ga da idonsa abin da ke shigowa da abin da ke fita, ya ga sunayen masu bashi, ya ga kuɗin makarantarsa da na ƙannensa an rubuta su a watan da ba a sayar da abin kirki ba. Ya ce mini bai taɓa sanin buhun hatsi nawa gidansu ke ci a wata ba. Shi ya koya wa mahaifinsa duba shigar kuɗi ta waya, maimakon ya riƙa aika yaron rumfa wajen mai POS. Makara ta ragu sosai, makin lissafi ya ɗago a zango na uku, ko da yake bai koma inda yake a da ba.

An samu koma-baya. Wani dare ya tsaya gidan kallon ƙwallo har wasan Turai ya ƙare wajen sha ɗaya, ya dawo ya tarar an kulle gida. Alhaji ya ɗaga murya har maƙwabta suka ji, ya ce masa in ya ga dama ya koma inda ya fito. Bai dake shi ba, yaron kuma bai tafi ba, a zaure ya kwana, da safe ya je wurin baffansa. Na ɗauki wannan a matsayin ci gaba na gaske, domin yanzu rigimar tana da inda take zuwa. Zarginsa game da ɗakin amarya bai gushe gaba ɗaya ba, kuma ba zan ce duk ƙarya ne ba, domin a gidan mata biyu yara suna lura da abin da manya ke ganin ba a gani. Wannan na bar wa baffan da kakar, su ne ke da bakin faɗa wa Alhaji.

Har yanzu mahaifin bai kira sunansa ba. Yaron ya ce wani lokaci abin yana sosa masa rai, musamman in yana gidan abokinsa, amma ya daina ɗaukar sa a matsayin shaidar ƙiyayya. Ya kuma ce in Allah ya ba shi ɗa, shi zai kira nasa da suna, ban kuma ga dalilin hana shi wannan niyyar ba.

Yanzu yana aji uku, kuma wata sabuwa ta taso. Yana son ya cike Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a fom ɗin JAMB, ya karanta injiniyan lantarki. Alhaji yana son ya tsaya Jami'ar Ɗanfodiyo, ya riƙa kwana a gida yana ci gaba da riƙe littafin rumfa, kuma kuɗin zaman wani gari ba ƙaramin abu ba ne a halin da kasuwa take. Kowannensu yana da hujja. Wannan karon yaron bai jira an yanke ba, shi ya je ya roƙi baffansa ya zaunar da su kafin a rufe rajista, Alhaji kuma ya amsa cewa za a zauna bayan ya dawo daga Goronyo.